Irin Kuɓewar Gwaggo Tasalla

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a gindin darbejiya, sai na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na tsinci kaina a tashar mota. Fasinjojin duk irin shuka ne, na tumatir, na alayyahu, na yakuwa, kowa da ƙullin kayansa. Wani bunsuru ne ɗan kamasho. A kujerar gaba na hango ƙwayoyin kuɓewar nan da marigayiya Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifina, ta bar mini cikin kwalba da toka. Shekara uku ina lallaɓa su, na kasa shukawa, don tsoron kada su ƙi fitowa in rasa abin tunawa da ita.

Na ce, "Ina za ku?"

"Inda ake shuka," in ji babbar cikinsu. "In muka wuce bana a kwalba, mun mutu."

Na roƙi bunsuru ya tsayar da motar. Ya ce ai motar a tsaye take, tashar ce ke tafiya.

Sai ga ni a bayan gidana. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, ga Gwaggo a tsakiyar fili ta ci ɗamara. Ta kifa masa faifai, ruwan ya sunkuyar da kai ya bi layin shuka. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin nata ba. Babu igiyar awo, babu littafi. Ta sara, ta jefa iri, ta take da dunduniya, ta wuce, ko waiwaye ba ta yi. Duk inda dunduniyarta ta taɓa sai ganye ya leƙo ya yi mata sannu da aiki. Wata kabewa har ta haura katanga, ta dawo neman izini. Ni da na ƙare a zana lambu a takarda, kunya ta kama ni, ga kuma daɗin kallonta, har hawaye suka haura zuwa goshina.

"Gwaggo, in suka ƙi fitowa fa?"

"To sun ƙi. Ni ma rabin nawa kaji ke tonewa." Ta miƙo mini fartanya. "Kai dai ba wa ƙasa. Wanda na ba ka ma a hannunta na karɓo."

Ina kai hannu fartanyar ta koma ludayi. Haka nan na durƙusa na fara haƙa da shi. Sai ga motar ta shigo ta ƙofar ɗakin girki, injinta yana kas-kas-kas.

Na buɗe ido. Matata Hansatu ce tsaye a kaina tana girgiza kwalbar.

"Malam, ina kakkaɓe kantar ɗaki na ga wannan. In watsa wa kaji?"

Na karɓe kwalbar da hannu biyu na nufi bayan gida, ban ko tsaya neman takalmi ba.