Kwamfutar Auta Da Mai Riƙe Waya

Tun da Auta ta shiga jami'a take aron kwamfutar 'yar ɗakinsu, wadda kowa ke kira Tabarau saboda kaurin gilashin idonta. A faɗi gaskiya, Tabarau ba marowaciya ba ce, amma dokokinta sun fi na ɗakin tiyata yawa. Sai ka wanke hannu, ka goge, ka nuna mata. Ba a ci kusa da kwamfutar, ba a sha, ba a dariya da baki buɗe a gabanta. In ka danna maɓalli da ƙarfi kuwa, sai ta dafe ƙirji kamar ita aka danna.

Auta ta yi ta cinye haƙuri har ranar da aka tsinci ɓarɓashin biskit a tsakanin maɓallai. Tabarau ta miƙe tsam. Ta ɗauko ɗan burushi a gaban baƙin da suka zo hira, ta ciro ɓarɓashin a hankali, ta ɗora shi a kan 'yar takarda, ta ajiye a kan matashin Auta. Baƙi suka kwashe da dariya. Kunya ta rufe Auta, nan take kuma kunyar ta koma fushi.

"Riƙe abarki!" in ji Auta. "In na sake taɓa kwamfutar nan, a canza mini suna. Dama ke ba ki da wata ƙawa a duniya sai ita. Zan yi tawa ta kaina, ba na buƙatar kowa."

Tabarau ta gyara zaman gilashinta, ta lulluɓe kwamfutar da tawul ɗinta na musamman. Daga ranar magana ta yanke tsakaninsu, sai gaisuwa da hanci.

Ƙarshen mako Auta ta kai kukanta wurin Kawu. Sai da ya gama ba ta labarin yadda ya yi nasa karatun da biro ɗaya tak, sannan ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe ta.

"Ga ta nan, ta ofishinmu ce ta da," ya ce. "Ƙarfe ce, ba irin ledar da ake yi muku yanzu ba. Sai dai tana da hali, ki bi ta a hankali."

"Allah ya ƙara girma, Kawu," in ji Auta, bakinta har kunne.

Ta shigo ɗaki tana taku ɗai-ɗai, kafaɗarta na neman gocewa don nauyi, ta dire kwamfutar a kan tebur yadda kowa zai ji. Ba a jima ba ta fara sanin halin da Kawu ya ambata. Murfin ba ya tsayuwa sai an jingina shi da bango. Fankar ciki na gurnani tana feso ƙura. Batirin ya mutu tun Auta na firamare, don haka ran kwamfutar gaba ɗaya yana jikin wayar caja. Ita kuma wayar ba ta aiki sai an ɗaga ta sama kaɗan, an murɗa ta hagu, an riƙe a haka. Ka saki ko na ƙiftawar ido, allo ya yi baƙi ƙirin, abin da ka rubuta ya bi iska. Adana aiki ma sai ta yi dogon tunani kafin ta yarda.

Ga shi kuma malaminsu na tarihi ya ce a kawo masa aikin zango ranar Alhamis kafin ya tashi daga ofis, wanda bai kawo ba ya maimaita darasin baɗi. Auta ta leƙa ɗakin kwamfutoci na makaranta, ta tarar da layi har bakin matattakala, wasu ma da kujerunsu suka zo. Ta dawo ta tasa tata a gaba.

Ta ɗaure wayar da kyauron roba, ta ƙi. Ta tokare ta da takalmi, ta ƙi. Ta danne ta da ƙamus, ta yi kamar ta yarda, sai da Auta ta cika shafi sannan ta ɗauke. Abin dai sai hannun mutum mai rai. Ta koma riƙo da hagu tana bugu da yatsa ɗaya na dama, kamar kaza na tsintar tsaba.

Ranar Alhamis da hantsi, rabin aikin ne kawai ya tsira. Dole ta roƙi ta ukunsu a ɗakin, mai kwana a gadon sama, wadda ake kira Ta Sama. Ta Sama ta sauko da zuciya ɗaya ta riƙe waya. Matsalar kawai, Allah bai halicce ta da iya magana ba tare da hannu ba, kuma bai halicce ta da iya yin shiru ba.

"Kin san me ya faru jiya a ajinmu?" ta fara. "Malamin nan ya shigo da wani tumbi kamar haka..."

Ta ware hannu biyu. Allo ya mutu, shafi biyu suka tafi.

Auta ta kifa kai a kan tebur. Ba aikin ne kaɗai ke cin ta ba. Ta san hannun da ba ya rawa a ɗakin nan ɗaya ne, ta kuma san abin da ta faɗa wa mai hannun.

Sai ta ji ƙarar famfo a banɗaki. Tabarau ta fito tana goge hannu, yatsa bayan yatsa. Ba ta kalli kowa ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗaga wayar, ta murɗa ta hagu, fitilar caja ta kama.

"Rubuta," ta ce.

Auta ta rubuta kamar ana bin ta da gudu. Tabarau ta ga daɗaɗɗen dattin da ke tsakanin maɓallan Kawu, har da wani abu mai kama da ƙashin kifi, ta runtse ido tana jan numfashi, amma hannun bai motsa ba. Rana ta take, rana ta karkata, ƙuda ya sauka a goshinta ya gaji ya tashi. Ta Sama ta zauna a kan hannuwanta don kada su yi ɓarna.

"Na gama!" in ji Auta. Ta soka filashin da za ta kwashe aikin a ciki ta danna adanawa, kwamfutar ta shiga dogon tunaninta. A daidai lokacin fankar ta yi wani tari ta feso ƙura cikin fuskar Tabarau. Hancinta ya fara rawa, bakinta ya fara buɗewa.

"Atishawa!" Auta ta yi ihu. "Ta Sama, hancin!"

Ta Sama ta yi tsalle ta matse hancin Tabarau da yatsu biyu. Auta ta dafe murfin da ke neman zamewa daga bango. Haka suka daskare su uku a kan kwamfutar mutum ɗaya, idon Tabarau na zubar da ruwa a bayan gilashi, har na'urar ta ga dama ta ce ta adana.

Ta Sama ta saki. Atishawar da ta biyo baya sai da ta jefar da gilashin ƙarƙashin gado, kwamfutar Kawu kuma ta mutu mutuwar da ta saba.

Auta ta durƙusa ta lalubo gilashin. Tana ɗagowa idonta ya sauka a kan gadon Tabarau. Ga kwamfutarta nan lafiya lau, lulluɓe da tawul, tun safe ba abin da take yi.

"Ke kuwa," in ji Auta, muryarta ta yi ƙasa, "me ya hana ki ce in ɗauki taki kawai?"

"Da kin taɓa ta, sai a canza miki suna," in ji Tabarau. "Ni kuma na saba da wannan."

Dariya ta taso wa Auta, kuka ya riga ta fitowa. "Ki yafe mini maganar nan. Wallahi ƙarya na yi, kina da ƙawa. Wawuya ce dai kawai."

"Ku yi sauri, za a cika shagon buga takardu," in ji Ta Sama, tana nuna hanya da hannu biyu.

Auta ta zare filashi, amma ba ta tafi ba. Ta lura yatsun Tabarau sun ƙage a lanƙwashe, har yanzu kamar suna riƙe da waya. Ta kama hannun ta shiga murza shi a hankali.

Tabarau ta mayar da gilashinta, ta dubi hannun Auta da ya sha ƙurar Kawu.

"Kin wanke hannu kuwa?"

"A'a."

Tabarau ta yi tsaki, amma ba ta janye hannun ba.