Jirgin da Na Liƙe da Gam

"Buɗe bakin! Auta, na ce buɗe!"

Na durƙusa a tsakiyar falo, na matse mata kumatu, na zura yatsa. Ta gartsa min cizo da haƙoranta huɗu, amma na kamo abin. Ɗan aku ne na roba, kore shar, bai kai kan ɗan yatsana ba, duk ya jiƙe da yawu. Na jira har na ga numfashinta ya daidaita. Na saɓa ta a kafaɗa, na dunƙule akun a hannu, na haye bene ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Na san daga inda ya fito. Daga aljihun ƴata Ummi ya faɗo, ita kuma daga ɗakin Anti Mai Jirgi ta samo shi.

Anti ce ke zaune a samanmu. Ta yi shekara talatin tana gwajin jini a asibiti kafin ta ajiye aiki, ba miji, ba ɗa. Abin da take da shi jirage ne. Jiragen ƴan fashin teku, irin waɗanda ake haɗawa da ƙananan bulo na roba masu shiga juna. Kantoci uku ne a falonta, duk sun cika: masu jan filafilai, masu baƙi, masu tuta da ƙoƙon kai. Ƙananan bulon kuwa ta zuba su a robobin da ake ɗibar gwaji, kowace roba da takardarta, kamar har yanzu tana wurin aiki.

Na tura ƙofa na same su a bakin tebur. An kafa waya a kan ƙarfenta tana ɗaukar bidiyo, Anti tana magana, hannuwan Ummi ne ke juya jirgin a gaban wayar.

"Wannan dai a kwali kyau gare shi," in ji Anti. "Amma ku duba ɗakin kyaftin, ko kaza ba za ta juya a ciki ba. Sannan igwa huɗu kacal. Wa za ka tsorata da igwa huɗu? Ko ba haka ba, Matuƙiya?"

"Ko kifi ba zai gudu ba," in ji Ummi. Ta ƙyalƙyale da dariya har tana buga tebur.

Shekararta bakwai, ni na haife ta, amma ban taɓa jin ta yi irin wannan dariyar a ɗakina ba.

Na ajiye akun a kan tebur da ƙarfi. "Anti, a bakin Auta na ciro wannan."

Ta kashe wayar nan take. Ta dubi akun, ta dubi jinjirar, ta dafe ƙirji. "Subhanallahi. Maman Ummi, laifina ne, ban duba aljihunta ba. Daga yau kafin ta fita sai na caje ta kamar ɓarauniya."

Na zo da faɗa cike da baki, ta ƙwace min shi da haƙuri. Na ja hannun Ummi muka sauko. A matattakala ta ɗago ta ce, "Mama, kar ki yi fushi da Mamana ta sama."

"Da wa?"

"Mamana ta sama."

"Uwa ɗaya gare ki, kuma a ƙasa take."

Da na gaya wa Baban Ummi, dariya ya yi yana cire takalmin aiki. "To ke ba ki ji daɗi ba? An rage miki reno kyauta."

Ban ji daɗi ba. Ni ke tashinta, ni ke wanke ta, ni ke tsefe kan nan nata mai tauri tana ihu, ni ke zaunar da ita a kan aikin gida. Duk abin da ba ta so, ni ce. Duk abin da take so, yana sama. Ranar da haƙorinta na fari ya fita, kafin in gani Anti ta gani, har an sa shi a wata ƴar roba an rubuta kwanan wata. In na ce ta sha ruwa sai ta ce anjima, amma sai in ji ta tana cewa, "Anti ta ce matuƙin jirgi ba ya wasa da shan ruwa," tana kurɓe kofi guda. Na taɓa saya mata kwalin bulo nawa na kaina, wani gida mai lambu. Ta haɗa shi cikin rabin awa, ta ce ta gode, ta kwashe tagoginsa ta kai sama wai suna bukata.

Ban hana ta zuwa ba. Ina da dalilin hanawa? Matar nan ba ta taɓa yi mana komai ba sai alheri, kuma wannan ne ya fi cin raina.

Ni na fara lura da ƙafafun Anti. Sun kumbura har silifas ba ya shiga. Tana hawa bene sai ta tsaya a bakin ƙofarmu ta riƙe ƙarfe, ta yi kamar tana neman makulli a jaka. Na ce mata ta je asibiti, ta ce, "Shekara talatin na yi a can, na san abin da za su ce." Zuciya ce. Wata safiya ƙaninta ya zo da mota, shi da mai gadi suka sauko da ita a kan kujera. Da suka zo ƙofarmu ta ce su tsaya.

"Matuƙiya, hau ki ɗauko babban. Ki riƙe shi a wurinki kafin in dawo. Maman Ummi, a ɗora shi sama inda Auta ba za ta kai ba, don Allah."

Babban shi ne wanda suka yi wata uku suna yi. Jirage biyu suka wargaza suka haɗa ɗaya, suka ƙara masa tsawo, suka sa igwa goma sha biyu. Ummi ta sauko da shi a rungume kamar jariri. Muka ɗora shi a kan firji.

Kwana biyu kawai ya yi na fara tsintar abubuwa a ƙasa. Firji yana rawa, abu ya zame. Yau ƴar fitila, gobe takobi. Auta kuwa ta fara rarrafe, komai ta gani sai baki. Ranar Laraba, bayan Ummi ta tafi makaranta, na sauka kanti na sayo gam mai ƙarfi, irin wanda ke kama fata, har guda uku.

Na shimfiɗa jarida a tebur na zauna. Ni mace ce mai aiki da tsabta. Duk abin da ke motsi na cire shi, na ɗiga gam, na mayar. Sannan na bi kowane layi inda bulo ya haɗu da bulo, na zizara masa gam da tsinke, har gefen saman jirgin duka zagaye. Awa biyu na yi. Na ɗaga shi na girgiza, ko ƙyas.

Don Auta na yi, wannan gaskiya ne, kuma ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Amma ina cikin zizara gam ɗin wani tunani ya zo min, ban kore shi ba: in jirgin ya ƙare, an gama shi ke nan, babu sauran abin da za a hau sama a yi.

Ummi ta dawo, ko jaka ba ta cire ba ta ce in sauko mata da shi. Ta sa yatsu biyu a bayan jirgin ta ja sama. Bai motsa ba. Ta sake ja. Ta kai hancinta kusa ta sansana.

"Mama, me kika sa masa?"

"Gam. Yanzu ba abin da zai faɗo, kina iya wasa da shi a ƙasa ma."

"Ba a sa gam!" Muryarta ta tsinke. "Ba a sa musu gam! Saman nan buɗewa yake yi! Ba mu gama ba!"

"To ai ga shi ya yi kyau."

Ba ta yi birgima ba, da ta yi da na san yadda zan yi da ita. Ta shiga ɗaki ta kwanta da kayan makaranta, fuska ga bango. Kwana biyar, in ban da "e" da "a'a", ban samu komai daga bakinta ba. Ko tsifa na yi mata ba ta yi ihu ba.

Ranar da Anti ta cika kwana tara a asibiti aka dawo da ita, da tukunyar iskar numfashi da roba a hanci. Ƙaninta ya tare ni a matattakala ya ce likitoci sun ce a kai ta gida ta huta. Yadda ya faɗi "huta" ya ishe ni. Ya ce tun a mota take tambayar jirginta.

Ban jira Ummi ta dawo ba. Na goya Auta, na ɗauki jirgin, na hau.

An jingina ta da matasai uku a falo, a gaban kantocinta, don ta ƙi ɗakin kwana. Ta rame, sai idanu. Na ɗora mata jirgin a cinya na ce, "Anti, na yi ɓarna. Na liƙe shi."

Ta shafa gefensa da babban yatsa. Ta gwada ɗaga sama. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Wane irin gam?"

Na gaya mata.

"Kai. Mai kama fata." Ta juya shi a hankali, tana duba layukan kamar tana duba jini a gilashi. "Amma fa kin iya aiki. Ko ɗigo bai zubo waje ba. Da a wurinmu kike da na ba ki maki tara."

"Anti, ki yi min faɗa mana."

"Ina na ga numfashin faɗa?" Ta yi tari. "Ki gaya min, kafin ki liƙe, kin ɗaga saman kin leƙa?"

"Ban san yana buɗewa ba."

"Kunna fitilar wayarki. Leƙa ta tagar baya, ta ƙasan."

Na durƙusa na haska. Can ciki, ƙarƙashin inda igwogin suke, akwai wani ɗan ɗaki. Ga tagogin gidan nan da na saya mata. Ga ɗan tebur, ga tukunya. Ga wata ƴar mace a tsaye da shuɗin ɗankwali irin nawa na zaman gida, an maƙala mata jariri a hannu. Girarta a haɗe take.

"Sati uku Ummi tana neman ɗan kan roba da ya yi kama da ke," in ji Anti. "Duk na wurina murmushi suke, ta ce Mamanta ba ta yin wannan haƙoran. Sai da na yi oda. Ta ce ɗakin a can ƙasa za a yi shi, wai in aka yi harbi ba zai same ku ba. Saura gado da ƙofa, sannan ta kawo miki."

Na kasa ɗagowa. Auta tana jan ɗankwalina ta baya.

"Akwai abin da ke narkar da gam ɗin?" na tambaya.

"Akwai, amma da robar zai tafi. Reza kawai, da ruwan ɗumi, da haƙuri. Wasu za su fita, wasu za su karye." Ta rufe ido. "Kar ki ba ta rezar. Ke za ki yi."

Da Ummi ta dawo daga makaranta ta hau ta zauna a gefenta har magariba. Ban san me suka ce ba. Na tsaya a ƙasan matattakala da tsintsiya a hannu ina kasa kunne, ban ji komai ba sai muryar Anti ƙasa-ƙasa, da dariyar Ummi sau ɗaya.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina shanya na ji ƙaninta yana salati a sama. Allah ya jiƙanta. Kafin la'asar an kai ta.

Ummi ta yi kuka kwana uku, har muryarta ta dishe. Ina rungume da ita ina shafa bayanta, kuma Allah ya yafe min, ina tambayar kaina ko ni za ta yi wa kamar haka. Mai rai kana iya gasa da shi. Wadda ta tafi kuwa ba za ta taɓa tsefe kan kowa ba, ba za ta taɓa yin tsawa ba, tana nan yadda take a bakin tebur tana ba da dariya.

Ƙanin ya kwashe jiragen a kwalaye ya ce zai kai gidan marayu. Robobin ƙananan bulon kuwa ya sauko mana da su, ya ce haka ta ce. Na sa Baban Ummi ya kafa kanta mai ƙofa da makulli, can sama.

Ranar Asabar da safe na kai Auta wurin maƙwabciya. Na shimfiɗa jarida, na kawo ruwan ɗumi a kwano da sabuwar reza. Na fara daga bayan jirgin. Bulon farko ya tsage gida biyu. Na biyu ya fito da farin tabo a gefe. Na yanke a yatsa, na tsotse, na ci gaba. Jirgin yana ta zamewa a kan jaridar, in na danna nan sai ya gudu can.

Ban ji fitowar Ummi ba. Sai dai na ga hannuwa biyu sun zo sun riƙe ƙasan jirgin. Ba ta dube ni ba, idonta na kan bakin rezar. Na sa ta a layi na gaba, a hankali, ita kuma ta ƙara matse yatsunta.