Rocoto a Saman Dekin

Ni Eleuterio birkila ne, kuma tun da nake ban taɓa kiwon dabbar da ba a ci ba. Kaji da ɓeran masar, shi ke nan. Amma 'yata Yesenia, mai shekara goma sha ɗaya, ta yi wata shida tana damuna da maganar kare har na gaji na ce to.

Muka je wajen Doña Rosalbina, wata tsohuwar malamar makaranta da ke tsintar karnukan da aka yar a nan Arequipa tana jinyarsu. Yesenia ta wuce ƙosassu duka, ta tsaya a kan wani ja mai yagaggen kunne, haƙarƙarinsa a waje.

"Wannan ai ko miya ba zai yi ba," na ce.

"Baba, shi nake so. Rocoto zan sa masa."

Sunan barkono ke nan. Doña Rosalbina ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce a saman wani gida aka same shi, masu gidan sun tashi sun bar shi kwana tara ba ruwa.

"Sharaɗina ɗaya ne, Don Eleuterio. Ba zai zauna a sama ba. Zan riƙa leƙowa, in na same shi a can, na ɗauke abina."

Na ce na ji. A raina kuwa dariya nake. A unguwarmu ina kare yake zama in ba saman dekin ba? Can ubana ya ga ana sa su, can kowa ke sa nasa, tsakanin rodin da muka bari don bene na biyu da igiyar shanya, yana leƙen titi yana haushin ɓarayi.

Sati uku Rocoto yana kwana bakin ƙofar Yesenia. Abokina Nemesio, wanda ya riƙe ta ranar baftisma, ya shigo wata rana ya tarar da shi kwance kan buhu a ɗakin girki.

"Kai, mutumina, suruki ka yi ne? Yaushe za ka saya masa takalmi?"

"Rufe mana baki."

"Nawa uku suna sama suna aiki. Naka yana ƙasa yana jiran shayi."

Maganar ta tsaya mini a rai.

Ranar bikin waliyyin unguwa ni ne mai cinna rokoki a bana, irin na kara ɗin nan da ke tashi sama su fashe. Matata Hermelinda da Yesenia sun fita tun safe wajen girkin taro. Gida zai cika da baƙi bayan an zaga unguwa da mutum-mutumin waliyyin, na ce ba zan bari a ga kare yana ratsa ƙafafun mutane ba. Na ɗauke shi na hau tsani. Jikinsa na rawa, har fitsari ya yi mini a riga. Na ajiye masa ruwa, na sauko, na janye tsanin.

Da tsakar rana muka iso layinmu da masu busa da ganguna. A ƙofar gidana na tsaya, don a san gidan wa ne, na cinna guda shida a jere. Ban ji komai ba saboda ƙara. Yesenia, da ta biyo taron, ita ce ta ga Rocoto ya firgita ya diro daga saman dekin.

Ƙafar gaba ta karye gida biyu. Likitan dabbobi ya ɗaure ta, kuma da yake shi ke duba karnukan Doña Rosalbina, kafin la'asar washegari sai ga ta a tsakar gidanmu da igiya a hannu.

"Wa ya kai shi sama?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma ban yi sauri ba.

"Ni ce," in ji Yesenia. "Na ɗauka zai so ya kalli biki. Baba ya hana ni, ban ji ba."

Hermelinda ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba cikin shekara ashirin. Na dubi ƙasa. Yarinyar da ko rabin buhun siminti ba ta iya ɗagawa, wai ta hau tsani da kare. Ina jiran Doña Rosalbina ta gane, ta huce a kaina in huta.

Ba ta gane ba, ko kuwa ta yi kamar ba ta gane ba ne. Ta zaunar da Yesenia ta yi mata faɗa mai zafi, ta ce mata marar tausayi, ta ce wanda ba ya jin maganar ubansa bai isa riƙon rai ba. Yarinyar tana hawaye tana cewa, "Na tuba, Doña." Ni ina tsaye da hula a hannu kamar turke.

"Don kuskuren yarinta ne zan bar shi," in ji ta daga ƙarshe. "Da babba ne ya yi, da yanzu muna hanya. Don Eleuterio, ka sa mata ido."

"To, Doña," na ce.

Bayan ta tafi na sami Yesenia a ɗakin girki tana ba Rocoto romo da cokali.

"Me ya sa kika yi haka?"

"Da ka faɗa, da ta tafi da shi." Ba ta ɗago ba. "Matsa, Baba, kana tare masa haske."

Na matsa.

Rocoto ya warke, yana ɗingishi kaɗan. Abin da ya fi ci mini rai, bai riƙe ni ba, ni yake fara tarba in na dawo daga aiki. Sau da yawa na shirya zuwa in gaya wa matar nan gaskiya, sai in tuna abin da gaskiyar za ta jawo wa yarinyar, in zauna. Ban sani ba ko don ita nake shiru ko don kaina.

Ran Asabar na haɗu da Doña Rosalbina a kasuwa wajen masu dankali. Ta kama hannuna a gaban mutane, ta ce da duk iyaye irina ne da ta huta. Na ce na gode. Na dawo gida ban sayi dankalin ba.