Duwatsun Gonar Malam Lirwanu

Hassada ita ce laifin da wannan labari zai tona, kuma ba irin wadda ake yi wa bare ba. Ta bare da sauƙi. Wadda ake nufi a nan ita ce ta cikin gida, wadda mai yin ta yake zuwa maka da dariya, ya ci tuwonka, ya koma gida yana jin haushin daɗin miyar.

A Mandera akwai wani malamin firamare da ake kira Malam Lirwanu, yana koyarwa can wajen Dandin Mahe. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ƙanwa ce ga mahaifin wani manomi mai suna Haliru. Su biyun ke nan taubasai ne, irin waɗanda ɗan namiji ke kiran ɗan mace bawansa da wasa. Da aka raba gonar kakansu, rabon gidan su Haliru ya faɗo a gangare, fadama mai baƙar ƙasa, har da rijiyar lambu. Rabon Inna Kulu ya faɗo a tudu, fako ne mai tauri, in ka sara da hauya sai ta dawo maka. Ruwan sama ba ya zama a kansa. Yana sauka zai kwashe 'yar ƙasar da ta rage ya gangara da ita.

Haliru manomi ne na gaske, wannan ba mai ƙwace masa. Masu sayen albasa a Bodinga sun san buhunsa tun daga ɗaurin baki. Duk wanda yake son sanin lokacin yafa iri ko lokacin dashe, ƙofar Haliru yake zuwa, shi kuwa ya gyara zama ya yi bayani a tsanake, yana jin daɗin yadda ake sauraronsa. Ya saba da wannan tun yana saurayi.

Shi kuwa Malam Lirwanu mutum ne mai wasu ɗabi'u da garin ya daɗe yana yi wa dariya. Abokan aikinsa duk sun hau babur, shi yana nan da kekensa. In ya je sayen kayan miya ba ya karɓar leda, da jakarsa ta buhu yake zuwa. Ruwan alwalarsa a gindin zogale yake zuba. Ya gina wa matarsa Nafisa murhun laka mai ƙaramin baki, wanda itace kaɗan ke dafa tuwo da miya, har maƙwabta suna cewa a gidan malam hayaƙi ma awo ake yi masa. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida duk rami guda yake tara su, ya rufe, sai sun ruɓe ya kai gona.

Amma abin da ya fi ba mutane dariya shi ne duwatsu. Kullum in an tashi makaranta, sai a gan shi yana turo keke da buhu cike da gutsattsarin marmara. Yana jera su a gicciye a gonar tudun nan, layi bayan layi, tsayinsu bai kai ƙauri ba. Bayan kowane layi ya dasa ciyawar gamba. Lokacin sharar gona kuma ba ya sa wuta, ba ya sare tohon sabara da gawo, sai dai ya rage musu rassa ya bar su su tashi.

Haliru yakan tsaya daga iyaka, ya dogara da hauya.

“Kai bawana, mi kaka yi da duwatsu? Ƙadangaru sun ba ka kwangilar gida?”

“Kai nika gina ma, tun da na ga ka fi su son shan rana,” in ji malam, bai ko ɗaga kai ba.

Sai su yi dariya su duka. A lokacin dariyar Haliru ta gaskiya ce, domin babu abin ƙyashi a fako.

Daminar farko ba a ga komai ba. Ta biyu aka ga ƙasa mai laushi ta fara taruwa a bayan duwatsun. Da tafiya ta yi tafiya, wurin da a da ko tsidau ba ya fita sai ga gero ya tsaya, kansa ya yi nauyi har yana sunkuyawa. Wake ya bi ƙasa ya rufe. Akwai kuma wani abu da Haliru kaɗai ya lura da shi: rijiyar lambunsa, wadda takan ja baya da bazara har sai an sauke injin ban-ruwa cikin rami, ta daina ja. Ya san dalili. Ruwan da duwatsun ke tsarewa a tudu yana nutsewa ne ya biyo ƙarƙashin ƙasa ya zo masa. Ya sani sarai, bai faɗa wa kowa ba.

Ranar wani suna ne abin ya soma ci masa rai. Ana zaune bayan an shafa fatiha, ana rabon goro, sai maigari ya ce duk mai fako a garin nan ya je ya ga abin da malam ya yi, ya koya. Wani mai suna Bala, wanda bai taɓa yafa iri ba sai ya tambayi Haliru, ya tsallake Haliru da ke kusa da shi, ya matsa wajen malam yana tambayar tazarar da ake bari tsakanin layi da layi. Haliru ya ɓare goronsa, ya riƙe a hannu, ya kasa kai shi baki.

Daga ranar ya shiga wani hali. Lambunsa bai ragu da komai ba, albasarsa tana nan yadda take, amma in ya zo fadama idonsa tudu yake kallo. Wani lokaci yakan hau can in ba kowa, ya kama zangarniyar gero ya jinjina, ya sake ta da ƙarfi. In an yabi malam a gabansa sai ya ce ai sa'ar damina ce. In an yi shiru kuma shi zai tayar da maganar. Wasansa ya canza, yana fita da dariya amma yana da ƙaya. Ya je har ɗakin Inna Kulu, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ɗanta ya tare masa ruwa, ƙasar da Allah yake gangaro masa da ita kowace shekara an hana ta zuwa. Tsohuwar ta kira ɗanta. Malam ya yi bayani cikin ladabi, ya ce abin da ke gangarowa a da yashi ne da tsakuwa, kuma a tambayi Haliru labarin rijiyarsa. Haliru ya ce shi wasa yake yi, ya tashi ya fita.

Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai. Taubashinka yana iya cire maka hula a tsakiyar kasuwa, ko ya kama zakaranka ya yanka, ya aiko maka da ƙafafu. Ba ka fushi, ba ka kai ƙara, kuma ba mai shiga tsakaninku. An yi wannan al'ada ne don zumunci ya yi ƙarfi. Ita Haliru ya ɗauka ya yi makami da ita.

Damina ta yi tsakiya, makarantu suna hutu, aka kira malamai bita a Bodinga. Malam Lirwanu ya jingine kekensa ya shiga bas. Da hantsi, kowa na gani, Haliru ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya hau tudu. Ya fara da layin ƙasa, wanda yake daidai saman lambunsa, domin shi ya fi kusa kuma duwatsunsa sun fi girma. Masu wucewa suka tambaye shi, ya ce kayan bawansa ne, kayan bawa kuwa na ubangidansa ne, zai yi harsashin sabon ɗaki. Suka yi dariya suka wuce. Wasu dariyar ba ta kai musu ciki ba, amma ba wanda ya ce ya bari. Nafisa ta ji labari, ta aika a roƙe shi ya jira mai gonar ya dawo. Ya aiko mata cewa ta tanadi fura, aikin yana sa ƙishirwa.

Kafin malam ya dawo daga Bodinga, layukan ƙasa da na tsakiya duk sun tafi. Sai gurabensu, da tohon gamba da ƙafar shanu ta tattake.

Malam ya je ya tarar da Haliru a ƙofar gidansa cikin mutane, an riga an haƙa harsashi an fara jera duwatsun da laka. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, sannan ya ce, “Yaya Haliru, wanga ba wasa ba ne.”

Bai taɓa kiransa Yaya ba.

Haliru ya juya wajen mutanen. “Kun ji ko? Boko ta hana shi sanin wasa. Gobe sai shi kai ni kotu kan tsakuwa.”

“Ba ni kai ka ko'ina. Riƙe sauran. Amma ka maida layin da ke bisa lambunka tun ruwa bai zo ba. Ba don ni ba.”

Da malam ya yi zagi, da wataƙila Haliru ya mayar. Amma wannan magana mai sanyi, a gaban mutane, wadda ke nuna malam ya san ruwa fiye da shi, ita ta ƙara ƙulle masa zuciya. Ya ce shi aka haifa a fadamar nan, ba wanda zai koya masa hanyar ruwa da alli a hannu.

Nafisa ta so a kai maganar gaban maigari. Inna Kulu ta hana, ta ce ɗan wanta ne, ba za a ji kansu a waje ba tana da rai. Malam ya bi maganar mahaifiyarsa. Washegari ya ɗauki kekensa da buhunsa ya koma tsintar marmara kamar ranar farko. Inda duwatsu ba su kai ba ya cusa kara da ƙaya ya danne da ƙasa. Aikin shekaru ne, ba ya komawa a 'yan kwanaki, shi ma ya sani.

Ruwan ya zo wata rana bayan la'asar. Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya sauke kamar da bakin ƙwarya. A can saman tudu, inda Haliru bai kai ba kuma gamba ta yi saiwa, ruwan ya tsaya yana nutsewa yadda ya saba. Daga tsakiya kuwa babu abin da zai tare shi. Ya ture karan da malam ya cusa, ya kwashe ƙasa mai laushin nan da ta daɗe tana taruwa, ya haɗa da geron da ke kanta. Sawun amalanken Haliru, da ya yi ta hawa da sauka a wuri guda, shi ya zama masa hanya. Duk ruwan tudun ya tattaru a wannan sawu ya miƙe fadama.

Haliru yana can. Ya yafa irin albasarsa ba da daɗewa ba, ya fito kore shar, mutane har sun fara kama layin dashe a wurinsa. Ya shiga ruwan da hauya yana ƙoƙarin karkatar da shi, ruwan ya kai masa gwiwa, ya fizge hauyar. Sai ya fita ya tsaya a kan iyaka, inda yakan tsaya yana yi wa malam ba'a, yana kallo har aka ɗauke.

Da safe gari ya taru. Wani kwazazzabo ya tsaga fadamar gida biyu, zurfinsa ya kai ƙugu. Inda irin albasa yake sai jan yashi. Bakin rijiyar ya rufta. Maigari ya zo ya duba ƙasa, ya hau ya duba tudu, inda malam yake tsaye cikin geronsa da ya kwanta. Maigarin ya tambaya ina duwatsun da ke nan suke. Kowa ya juya ya dubi Haliru, domin ba wanda bai gani ba.

Haliru ya sunkuyar da kai. “Ranka shi daɗe, wasa ne.”

“To, a ƙarasa wasan,” in ji maigari. “Da amalanken da ya kwashe su za ya maido su.”

Haka aka yi. Haliru ya rushe harsashin da hannunsa, ya ɓamɓare laka daga kowane dutse, ya yi ta jigila mutane na kallo. Malam ya karɓa yana jerawa, kuma da layin da ke saman lambun Haliru ya fara. Bai yi masa gori ba. Sai dai tun daga ranar bai sake tsokanarsa ba. In sun haɗu yakan ce, “Malam Haliru, an tashi lafiya?” ya jira amsa, ya hau kekensa. Ya yi asarar wajen rabin geronsa a shekarar, ya ci sauran da iyalinsa, ya ci gaba da zuba ruwan alwala a gindin zogale.

Abin da Haliru ya rasa kuwa ga shi. Ya rasa irin albasarsa gaba ɗaya, har sai da ya nemi dashe a wurin Bala, wanda a da yake koya wa. Ya rasa rijiyar da ya gada, da injin ban-ruwan da ta binne. Ya rasa tsakiyar fadamarsa, wuri mafi kyau, wanda har yau yashi ne. Ɗakin da ya fara bai tashi ba, ramin harsashin awaki ke kwana a ciki. Ɗaya daga cikin shanunsa ya gurɗe a jigilar mayar da duwatsu, aka sayar wa mahauta. Inna Kulu tana amsa gaisuwarsa amma ta daina aika masa da dawo. Masu tambayar lokacin yafa iri sun sauya ƙofa. Kuma a duk Mandera ba shi da sauran wanda zai kira bawansa a yi dariya.