Ƙararrawar Hagu

Mawaƙa ne suka sa masa suna Mai Kunne, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba. Shekara goma sha tara yana haɗa sauti a wani ɗan ɗaki a bayan gidansa, wanda ya lulluɓe bangonsa da soso. A kawo masa waƙar da mutum goma suka saurara suka ce ta yi, shi sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Mai ganga ya ja majina a minti na biyu." A koma a duba, a tarar haka ne.

Duk kayan ɗakin nan babu abin da yake ji da shi kamar hedifon ɗinsa. Kada ma ka kawo irin na roba da ake ratayewa a bakin titi. Wannan jikinsa ƙarfe ne, amma in ka ɗora shi a ka sai ka manta yana nan. Madaurinsa fata ce mai laushi, matashin kunnen kuma karammiski, ka yi awa shida da shi ba gumi ba ciwon kai. Bayan kowane ɓangare a buɗe yake, raga ce kawai ta ƙarfe, har kana hango cikinsa. Shi ya sa sauti ba ya cunkushe maka a ka: mawaƙi na gabanka, ganga na can baya, jita na gefe, kamar an zaunar da kai a tsakiyarsu. Illarsa ɗaya, ba ya riƙe sirri, duk abin da kake ji na kusa da kai ma yana ji. Matarsa takan ce, "Wannan abin naka ya fi maƙwabciyarmu surutu."

Ranar Talata da safe ya buɗe wata waƙa da ya yi wata guda bai taɓa ba, ta wata mawaƙiya mai tasowa. A amshin waƙar akwai 'yar ƙararrawa, siririya, da shi da hannunsa ya ajiye ta a ɓangaren hagu. Amshi ya zo ya wuce, babu ƙararrawa. Ya duba allon kwamfuta, ga layinta nan yana motsi. Ya ƙara mata ƙarfi, shiru. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, sai da ya jiyo ta can ƙasa-ƙasa, sannan ya tura wa mai waƙar.

Ko awa ba a yi ba ta kira shi.

"Yaya, lafiya kuwa? Ƙararrawar nan fa huda kunne take yi. Sai da na cire abin saurare daga kunnena na yar."

"Wayarki ce ba ta da kyau," ya ce, ya kashe.

Ya zauna yana kallon hedifon ɗin a kan tebur. Ai duk wanda ya yi wata uku a sana'ar nan ya san yadda ake gane mai laifi. Juya hedifon ɗin za ka yi, na hagu ya koma dama. In matsalar ta bi shi ta koma dama, kayan ne suka lalace. In kuwa ta tsaya a inda take, to kunnenka ne. Aikin daƙiƙa biyar, kuma shi da bakinsa ya koya wa mutane da yawa. Sai ga shi hannunsa ya ƙi miƙuwa.

Mahaifinsa ne ya faɗo masa a rai. Tsohon ya yi shekara talatin a gaban inji a masana'anta, ya fito da kunnuwa biyu da ba sa aikin komai. Ana hira a tsakar gida zai zauna yana murmushi yana gyaɗa kai, a yi maganar rasuwa ma murmushin yake yi, jikoki na ƙunshe dariya. Mai Kunne ya tuna yadda shi kansa yakan gaji da ɗaga murya, ya ce, "Ba komai, Baba," ya tashi ya bar shi. Tsoro ya kama shi sosai.

Maimakon ya juya abin, sai ya sa shi a akwatinsa. Washegari ya ɗauka sai shagon mai gyara.

Mai gyaran nan tsohon abokin hulɗarsa ne, mutum mai tsokana, gilashinsa kullum a karan hanci. Ya karɓi hedifon ɗin da hannu biyu.

"Kai! Amarya ce yau da kanta a shagona? Me aka yi mata?"

"Hagun ne ya mutu. Ba ya fitar da siririn sauti."

Mai gyara ya zare wayar, ya gwada ta da mitar awon lantarki. Ya cire matashin, ya haska ciki da tocila, ya hure ƙura. Ya sa a kansa ya lumshe ido, ya daɗe yana kaɗa ƙafa.

"Malam, in wannan ne ya mutu, to Allah ya ba ni irin mutuwarsa. Lafiyarsa ƙalau, hagu da dama. Waɗanda suka ƙera shi ba wasa suka zauna yi ba." Ya miƙo masa. "Ka juya shi ka gwada kuwa?"

"Na gwada."

"To sake gwadawa a gabana mana."

"Sauri nake yi," in ji Mai Kunne. Ya fizge abinsa ya fita ko sallama babu, yana masifa a ransa wai mai gyara ya tsufa, mitarsa ma ta tsufa. Kaico, mutum da wayonsa!

Da yamma ya koma ɗakin aiki. Rana na shigowa ta ƙofa, matarsa na zaune a kan kujerar baƙi ta damansa tana ninke wanki, kamar yadda ta saba yi kwanan nan. Ya sa hedifon ɗin, ya mayar da ƙararrawar yadda take tun asali, ya kunna. Amshi ya zo. Murya na nan, ganga na nan, jita na nan, hagu kuwa wayam.

"Ka ga!" ya ce da ƙarfi. "Wai lafiyarsa ƙalau. Sabo zan saya, in huta."

"Me ya yi, Baban Auta?"

"Akwai ƙararrawa a nan, ta hagu. Ba ya fitar da ita."

Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta zagayo ta tsaya ta hagunsa, ta ɗan sunkuyo kusa da ragar.

"Sake sa wurin."

Ya sake. Ta wutsiyar ido ya ga yatsanta ya ɗago, yana sauka yana tashi. Ɗaya, biyu, ta dakata, uku. Daidai inda ya ajiye kowane bugu wata guda da ya wuce. Ita da ke waje tana ji ta cikin raga, shi da abin ke manne a kunnensa ba ya ji.

Ya cire hedifon ɗin, ya juya shi, ya mayar a kansa. Nan take ƙararrawar ta faɗo masa a kunnen dama, tar da ita, siririya, mai daɗi, babu abin da ya same ta. Ya kashe waƙar. Ɗakin ya yi tsit, ban da wata siririyar ƙara a kunnensa na hagu, wadda ya yi watanni yana ɗora wa firij laifinta.

Ya ga leɓɓanta sun motsa, ya ji kamar magana a cikin ruwa. Ita ma ta lura. Ba ta ɗaga murya ba, zagayawa ta yi ta bayan kujerarsa, ta dawo damansa ta durƙusa.

"Na ce gobe da safe mu je asibiti."

"In suka ce ya tafi fa? Da me zan yi aiki? Ni ban iya komai ba sai ji."

"Sai mu ji abin da za su ce tukuna. Bari ne ba za mu ƙara yi ba."

Ya dube ta da kyau. Babu mamaki ko kaɗan a fuskarta, kuma wannan ya fi komai tsorata shi.

"Kin sani?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta.

"Kujerar nan da ta hagunka take, Baban Auta. Wata biyar ke nan da na mayar da ita nan. Auta ma na ce mata in za ta yi maka magana ta riƙa zagayowa."

Ya juya ya kalli hagunsa. Ga sawun ƙafafun kujerar nan guda huɗu a kan kafet, har sun fara shafewa.