Ranar da Kalilu Ya Fita Ba Safaya

Mu uku muka ɗaga Kalilu daga tabarma zuwa cikin motar, ko da yake ni kaɗai ma da na iya, don ciwon hanta bai bar masa komai ba sai ciki da idanu. Balaraba matarsa ta riga ta kwantar da kujera ta sa matashi. Muna ajiye shi ya yi tari, jini ya biyo gefen bakinsa. Ta goge da bakin mayafinta.

"Usmanu, kai za ka ja," in ji shi. "Amma tuƙin nan naka na kunkuru ka aje shi gida. Argungu nika so kahin azahar."

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Ni direban ma'aikata ne, tuƙina na lallaɓawa, shi kuwa Kalilu mutumin gudu ne. Motarsa ja ce, gajeriya, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, kujera biyu tak. Wurin 'yan tseren motoci na bikin Argungu ya saye ta. In ya tayar da ita da safe, kajin unguwa sai sun watse. Tayoyinta faffaɗa ne, babu irinsu ko a Sakkwato, sai an yi sautu daga Legas. Duk unguwa mun gaji da wa'azinsa a kan taya. Ko Gwadangaji nan kusa za shi sai ya zagaya ya daddanna su, ya buɗe but ya duba safaya da jak. Ya sha tsare ni a ƙofar gida yana cewa wanda ya hau titi ba safaya, da ransa yake wasa.

Kowa ya san inda wa'azin ya samo asali. Shekarun baya, a motarsa ta farko, tayar gaba ta fashe yana tsakar gudu, ƙaninsa Hodi na zaune a gefe. Kalilu ya fito da karayar hannu, Hodi bai fito da rai ba. Ba a yi shekara ba ya sayi wannan jar motar. Ranar da labari ya kai wa Goggo, mahaifiyarsu, a Argungu, ta aiko masa cewa kada ya ƙara taka mata ƙofar gida. Na taɓa tambayarsa abin da ya kai shi sayen wata. Ya ce in injin na ƙara ne kawai ba ya jin muryar yaron.

Yanzu likitocin Sakkwato sun sallamo shi, sun ce a koma gida a yi ta addu'a. Abu ɗaya ya rage masa, ya isa gaban Goggo da ransa ya nemi gafara.

Ranar Juma'a ce. Balaraba za ta biyo mu a motar haya. Na kama sitiyari da lallaɓawa, don motar ba ta san sannu ba, ka ɗan taɓa totur ta yi tsalle. Muka wuce Ambursa, fadama ta buɗe a hagunmu, an gama yankan shinkafa. Kalilu na lumshe da ido yana gyara mini tuƙi da kunne kawai.

"Sa giya, malam. Kana kashe ta da kuka."

Mun yi nisa, rana ta take, sai na ji fam! Bayan motar ya fara wutsil-wutsil.

"Kak ka taka burki!" Ban san yana da sauran murya haka ba. "Riƙe ta sosai. Ɗaga ƙahwakka, bar ta ta gaji da kanta."

Na bi maganarsa har muka tsaya a gefen titi. Tayar baya ta hagu ta kwanta, ga ƙusa, ga tsaga a gefe. Na ce a raina, alhamdu lillahi, motar Kalilu ce, minti nawa ne. Na buɗe but.

Babu safaya. Inda take zama an jera turamen atamfa, an danna su har baki, wasu takardarsu ta yi ja don daɗewa. A kai ga sabulu da ƙunshin goro. Jak da sifana kaɗai aka bari a lungu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ɓoye ba. Na zagayo ta tagarsa.

"Kalilu, ina sahwaya?"

"Tana zaure."

"Kai? Kai da kad dame mu shekara da shekaru?"

"Wuri ya ƙi isa," ya ce a hankali. "Zannuwan Goggo na. Kowace Sallah ina aika mata, tana maido min. In tahi wurin uwata hannu sake, Usmanu? Bayan shekarun ga duka?"

Ni ma ban taɓa shiga ɗakin tsohuwata ba tsaraba ba, ko da goro ne.

Titi fayau, kowa ya tafi masallacin Juma'a, masu facin taya ma haka. Wata tasi da ta nufi Birnin Kebbi ta tsaya, direban ya fito da tasa safayar don Allah. Muka gwada, ramukan noti ba su hau ba. Ya ce zai juya ya kai mara lafiyar, fasinja su jira. Muka sa hannu za mu ɗaga shi, jini ya sake zuwa, fiye da na safe.

"Ku bar ni," Kalilu ya ce. "In kunka ɗaga ni, nan zan cika."

Shi ya koya mini dabarar 'yan tsere. Na cire tayar, na ɓamɓare gefenta da sifana, na shiga gona na ɗebo bambaron shinkafa, busassun karan da aka bari bayan yanka, na yi ta cusawa a cikinta kafin in mayar da ita. Na ce zane biyu cikin na Goggo za su fi bambaro riƙewa. Ya buɗe ido ya dube ni, ban sake maganar ba.

Muka tashi muna rarrafe. Ya ce yau kam tuƙin kunkuru ya yi rana, har ya ɗan yi murmushi. Bambaron ya kai mu wani wuri, sannan wari ya taso, hayaƙi ya biyo baya, robar ta fara yayyagewa tana dukan jikin motar. Na dube shi, don na san yadda yake ji da ita.

"Tahi a kan ƙarhen," ya ce. "Mi za ni yi da ita?"

Muka ci gaba a kan rim, ƙarfen tayar, tsirara. Ban taɓa jin ƙara mai shiga haƙori irin wannan ba. Da rufin kwanon gidajen Argungu ya fara bayyana, ya ɗora hannunsa a gwiwata.

"Sannu-sannu, Hodi," ya ce. "Mun kusa gida."

Ban gyara masa sunan ba. Daga nan ƙarar ƙarfen ta rufe komai, mutane sun fito daga masallaci sun cika hanya, idona na kan yara da awaki. Ban waiwaye shi ba har na sauka daga kwalta na shiga lungunsu, rim na tsaga ƙasa yana jan layi a bayanmu.

Ƙarar ce ta fito da Goggo. 'Yar ƙaramar tsohuwa, da carbi a hannu. Ta tsaya a bakin zaure tana kallon jar motar.

"Kalilu na, Goggo," na ce. "Gahwara yaz zo nema."

Ta tako ba takalmi, ta zura hannu ta taga ta dafa goshinsa.

"Na yahe maka, Kalilu, duniya da lahira. Tun ba yau ba niy yahe, bakina na yaƙ ƙi hwaɗi."

Bai motsa ba. Ta jira, ta sake kiran sunansa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Halan ya ji ni?"

"Jikinai da ɗumi, Goggo," na ce.

Gaskiya na faɗa, da ɗumi. Amma rana ta wuni tana dukansa ta gilas, kuma ban san inda numfashinsa ya tsaya ba, ko a bakin gari, ko a cikin lungun, ko a ƙarƙashin tafinta. Har yau tambayar nan tana zuwa mini in na tsaya sallah, kuma ba ni da amsarta.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Da na koma sadakar uku, na iske Goggo zaune a ƙofar zaure kan 'yar kujera. Wata jikarta na sharar ƙofar gida. Ta share nan, ta share can, da ta zo kan layin da ƙarfen ya tsaga sai ta ɗaga tsintsiya ta tsallake, tsohuwar na bin ta da ido.