Tayoyin Gefen Gabas

Shekarar da mijina Lyuben ya yi ritaya muka sayi tsohuwar motar kwana, mai gado da kicin a ciki. Da zafi ya kama, muka kai ta sansanin da ke bakin teku kusa da garin Sozopol, muka zauna.

Lyuben mutum ne mai son ma'auni. Kullum bayan karin kumallo sai ya zagaya tayoyin da gejinsa na auna iska, yana kwatanta iskarsu da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Wata safiya na same shi a tsugune yana sosa ƙeya.

“Nevena, zo ki ga ikon Allah. Na dama sun fi na hagu iska.”

“To, ka rage musu mana.”

Ya rage. Da yamma ya sake aunawa, sai ga na daman sun gaza na hagu. Ya ɗauko famfo ya ƙara yana ƙunƙuni. Washegari kuma suka haura.

Maƙwabcinmu Bai Kolyo, dattijo mai kamun kifi, ya leƙo riƙe da banitsa, burodin nan namu mai cuku a ciki. “Taya dai sacewa take yi, Lyuben. Taka ce kaɗai ke ƙiba. Me kake ba ta?”

“Geji ne ya lalace.”

Aka ari na Bai Kolyo, shi ma abin da ya nuna ke nan. Daga nan abin ya fara cin raina. Na zauna da kofi ina kallon motar, sai na lura da magen sansanin. Kullum da hantsi jikin tayar dama take lafewa, ba ta taɓa zuwa hagu ba. Na je na dafa tayar, zafi rau. Ta hagu, wadda ke inuwar itacen ɓaure, sanyi ƙalau.

“Tsoho, rana ce ke hura maka su.”

“Ke dai! Ranar safe?”

“Juya motar mu gani.”

Sai da muka kwance rumfa, muka kwashe kujeru da igiyar shanya, sannan Lyuben ya shiga juya motar, Bai Kolyo yana ba da hannu yana ihun “Dawo, dawo, za ka taka min tukunya!” Mutanen sansani suka taru suna tambayar ko tafiya za mu yi.

Da hantsin washegari ya yi, Lyuben ya auna. Na hagu ne suka haura. Ya daɗe yana duban gejin, sannan ya fashe da dariya har da zama a ƙasa.

Washegari tun kafin rana ta leƙo ya tashi, ya daidaita duka huɗun suna sanye. Na jiyo shi yana buga ƙofar Bai Kolyo.

“Fito da gejinka, mu gwada tayoyin motarka!”

“Ka bar ni in yi barci, mahaukaci!”

Amma ya fito, da silifa ƙafa ɗaya.